Ginin da ke sa jirgi ya tsaya: nazarin aikin John Allen a Monterey

A 1948 mujallar Model Railroader, wadda ake bugawa a Amurka tun 1934, ta shirya gasa tsakanin masu ƙera ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo da gine-ginen da ake jerawa a gefen layinsu. Wani mai ɗaukar hoto daga garin Monterey na jihar Kalifoniya, mai suna John Allen, ya shiga da ɗan gini guda mai ƙofa biyu, irin rumfar da kan jirgi yake kwana a ciki ana duba shi ana yi masa gyara. Ginin ya ci kyauta, kuma aka daɗe ana maganarsa. Abin da ya ja hankalin mutane shi ne ya fito tamkar ya shekara talatin yana shan rana da hayaƙi. Fentinsa ya koɗe, katakonsa ya yi duhu, ga tattabaru zaune a kan rufin, ga kashinsu fari-fari ya ɓata wurin da suke sauka. A wancan zamanin yawancin masu wannan sha'awa suna gama gini ne su shafe shi da fenti mai ƙyalli, su ajiye shi fes kamar yanzu aka fito da shi daga kanti.

Daga wannan ɗan gini har zuwa rasuwar mai shi a 1973 akwai shekara 25 na aiki a kan layin dogo guda na kwaikwayo, wanda ya sa wa suna Gorre & Daphetid. Mutane sun fi tunawa da duwatsunsa da gadojinsa, amma ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda ya bi da gine-ginen aiki: rumfar gyara, sito, masana'anta, wurin lodi. A nan ne ya warware matsalar da duk mai shimfiɗa ƙaramin layi yake cin karo da ita.

Matsalar wuri

Sai an fara da lissafi kafin a gane wahalar. Allen ya yi aiki da ma'aunin da ake kira HO, inda ake rage kowane abu sau 87. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan layi biyu, wadda a zahiri milimita 1,435 ce, takan koma milimita 16.5. Taragon kaya mai rufi na wancan zamani, mai tsawon ƙafa 40, yakan zama santimita 14. Mutum kuwa santimita 2 ne kacal. Idan ka ji haka sai ka ɗauka gari guda zai shiga ɗaki. Amma juya lissafin: kilomita ɗaya ta layi tana buƙatar mita 11 da rabi, kuma masana'anta mai tsawon mita 150, wadda ba ta cikin manya, za ta cinye mita 1.7.

Shimfiɗar Allen ta farko, wadda ya fara bayan Yaƙin Duniya na Biyu, tebur ce mai kamar mita 2 a tsawo da mita 1 da 'yan kai a faɗi. A zahiri wannan fili ne mai kamar mita 174 a tsawo. Masana'anta ɗaya ta gaske, idan aka bi ma'auni sak, za ta mamaye teburin baki ɗaya, ba wurin tasha, ba wurin juyawa. Shi ya sa masu farawa da yawa suke gudun masana'antu, su cika tebur da ƙananan gidaje da coci da kantuna, jirgi ya yi ta zagaye ba inda za shi. Kwana kaɗan sai mai abin ya gaji, domin babu dalilin da zai sa jirgin ya tsaya a ko'ina.

An haifi Allen a 1913 a garin Joplin na jihar Misuri. Ya yi karatun zane da ɗaukar hoto, kuma a lokacin yaƙi ya yi sana'ar hoto a Monterey, inda sojoji suka yi yawa. Wannan sana'a ta shiga aikinsa sosai. Mai hoto ya san cewa ido ba ya auna gini da tef. Abin da ido ke kamawa shi ne tsayi, da inuwa, da yawan tagogi, da abin da ya tare wani abu. Da wannan sanin ya tunkari matsalar wuri.

Garin da yake zaune

Ya kamata a dubi Monterey ta wancan lokaci. Gari ne na kifin gwangwani. A bakin teku akwai titi guda da masana'antun sarrafa kifin sadin suka yi layi, titin da aka sa wa suna Cannery Row a hukumance a 1958. Tsarin wurin abin kallo ne. Masana'anta tana ɓangaren ruwa, inda jiragen kamun kifi ke kawo kaya. Sito yana ɗaya gefen titin. Tsakaninsu akwai wata rufaffiyar gada a sama, ta tsallake titi, wadda gwangwanaye ke bi su haye. A bayan sito kuma layin dogo na kamfanin Southern Pacific ne ya wuce. Kifi ya shigo ta teku, ya fita ta dogo, gine-ginen kuma an jera su ne bisa tafiyar kayan. Yawancinsu na katako ne da kwano, iskar gishiri ta cinye su da tsatsa. Daga ƙarshen shekarun 1940 kifin ya fara ƙaranci, masana'antun suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, ta ƙarshe ta rufe a 1973.

Duk wanda ke zaune a irin wannan gari ba sai an koya masa kamannin ginin aiki ba. Kullum yana ganin cewa tsatsa ba ta bazuwa bai ɗaya a jikin kwano: daga kan ƙusa take farawa ta gangaro siririya, sai ta taru a bakin kwanon na ƙasa inda ruwa ke tsayawa. Yana ganin cewa ƙasan bango ya fi samansa datti saboda ruwan da ke fallatsowa, kuma katakon bakin ƙofar lodi ya fi na ko'ina cinyewa. A ganina wannan shi ne asalin darasin rumfar 1948. Dattin da ke jikinta kowanne yana da mafari. Tattabaru suna sauka a ƙololuwar rufi, to nan kashinsu yake. Da an watsa farin fenti ko'ina a rufin, da ɓarna kawai aka yi.

Dabarun da masu wannan aiki suke amfani da su har yau ba su da tsada. Ana tsarma baƙar tawada da sinadari mai saurin bushewa har ta zama ruwa-ruwa, a shafa wa katako, ta shige cikin tsagogi ta fito da kowane silli. Ana goga garin alli mai launin ƙasa ko ja a inda tsatsa za ta kwanta. Ana tsoma buroshi a fenti mai haske, a share shi a tsumma har ya kusa bushewa, sannan a ɗan shafi gefunan gini domin su fito kamar rana ta ci su. Bango na bulo kuwa, inda kowane bulo bai kai milimita 3 ba, ana kwarara masa farin fenti mai ruwa a goge sama, ragowar ta zauna a tsakanin bulo ta zama siminti. Kayan aikin kowa na iya samu. Abin da ke da wuya shi ne mutum ya tsaya ya kalli gini na gaske har ya san inda kowane tabo ya fito.

Gini mai aiki

Tsufa rabin magana ce. Ɗaya rabin shi ne ginin ya zama yana da abin da yake karɓa da abin da yake fitarwa. A ɗauki masana'antar kifi irin ta Monterey. Tana buƙatar gwangwanaye ko farantan ƙarfen da ake yin su, da gishiri, da mai ko ruwan tumatir da ake zubawa a kan kifin, da kwalaye, da man da tukunyar tururi ke ƙonawa. Tana fitar da katan-katan na kifi, da garin kifi da ake yi daga ragowa, da man kifi. Ka ga gini ɗaya ya kira taragu masu rufi masu shigowa cike, da wasu da za a kawo babu komai a cika su, da taragon tanki. Da zarar an dasa wannan gini a gefen layi, an samar wa jirgin kaya aikin yini guda. Wanda ya san tarihin dalar gyada a Kano ya san wannan ƙa'ida: inda dogo ya tsaya, nan kaya ke taruwa, nan ake kafa sito da sikeli.

Daga nan sai ƙananan ƙa'idoji su biyo baya, kuma su ne ke raba ginin da ido ya yarda da shi da wanda bai yarda da shi ba. Daɓen taragon kaya yana sama da ƙarfen layi da mita ɗaya da ɗan ƙari, saboda haka dandamalin lodi a ma'aunin HO dole ya tashi kamar milimita 13 zuwa 14 daga kan ƙarfe. Idan ya yi ƙasa ko sama da haka, duk wanda ya kalla zai ji wani abu bai daidaita ba ko da bai iya faɗin mene ne ba, domin ba yadda ɗan dako zai turo amalanke daga sito ya shiga tarago. Ƙofofin sito kuma a zahiri ana jera su ne daidai da tsawon tarago, yadda idan an turo uku a haɗe kowanne ƙofarsa za ta fuskanci tata. A ƙaramin gini wannan tazara santimita 15 ce ko kusa da haka daga tsakiyar ƙofa zuwa tsakiyar ta gaba. Dole kuma a bar sarari tsakanin bango da layi don kada tarago ya goga, musamman a kwana. Ƙungiyar masu wannan sha'awa ta Amurka, NMRA, wadda aka kafa a 1935, tana da ɗan farantin ƙarfe na awo da ake bi da shi kan layi a tabbatar ba abin da ya shigo hanya.

Reshen layi da zai ɗauki taragu uku yana cin kusan santimita 45, ban da makarkata, wato ƙarafan da ake juyawa su karkatar da jirgi daga babban layi zuwa reshen. Wannan ne ainihin ma'aunin masana'anta a kan tebur. Ana fara yanke yawan taragun da za ta karɓa, sannan a yanka gini daidai da su.

Yadda ya sayi fili da dabara

A 1953 Allen ya koma wani gida a kan gangaren tudu a Monterey, ya haƙe ƙarƙashinsa ya faɗaɗa, daga 1954 ya fara shimfiɗa ta uku, wadda ita ce ta yi suna. Bai yar da teburin farko ba, ya saka shi a cikin sabon aikin. A nan ya sa duwatsu suka sauko har daɓen ɗakin suka kuma tashi sama da kan mutum, ya gina garuruwa da dama, ciki har da Great Divide da kuma Port, birni mai tashar ruwa da dogayen gine-gine da masana'antu a cunkushe.

Ko a wannan babban ɗaki wuri bai isa ba, kuma ba ya taɓa isa. Hanya ta farko da ake bi ita ce rage tsawon gini a bar tsayinsa. Idan masana'anta ta gaske tana da jerin tagogi 20, sai a yi mata 8, amma kowace taga da kowace ƙofa su zauna a girmansu na daidai. Bututun hayaƙi mai mita 30 yakan tashi santimita 34, kuma bai cin fili ko kaɗan, amma shi ke gaya wa ido cewa wannan wuri babba ne. Hanya ta biyu ita ce a gina fuska kawai. Ginin da ke jingine da bangon ɗaki ba ya buƙatar baya: kaurin santimita 3 ko 5 ya isa, in dai akwai wani gini ko tanki a gefensa da zai ɓoye inda ya yanke. Ta uku ita ce a riƙa ƙanƙanta gine-ginen da ke can baya fiye da ma'auni, a kuma dusashe launinsu, sai su yi kamar suna da nisa.

Dabarar da aka fi danganta wa Allen ita ce madubi. Ya dasa madubai da yawa a cikin shimfiɗar. Titi ya zo ya ci karo da bangon ɗaki, sai madubi ya ci gaba da shi. Layukan ajiye taragu su ninka. Wahalar ita ce kada mai kallo ya ga fuskarsa, saboda haka sai a karkata madubin kaɗan ko a sa shi inda mutum ba zai tsaya daura da shi ba, a kuma rufe gefunansa da gini ko gada. A nan gine-ginen masana'antu suke da amfani na musamman, domin irin gadar nan mai rufi da ke haɗa masana'anta da sito a sama tana ɓoye bakin madubi na sama sarai, bangayen biyu kuma su ɓoye gefuna.

Duk wannan yana da farashi. Port ta Allen ta fi kowane birni na gaske cunkoso da tsayi idan aka kwatanta da faɗinta, kuma duwatsunsa sun fi na duniya tsini. Shi bai kwaikwayi wani layi na gaske ba, ƙirƙirar nasa ya yi. Masu bin wata makaranta daban, waɗanda ke ɗaukar gari guda na gaske a shekara guda su kwaikwaye shi gini bayan gini, suna ganin aikinsa ya yi kusa da zanen almara. Suna da hujja. Amma ko su, da suka zo kan tebur, da waɗannan dabarun suke rage gine-ginensu.

Allen bai bar gine-ginen su zama abin kallo kawai ba. Abokansa sukan taru a gidansa a kai a kai su tafiyar da layin kamar na gaske, da jadawali, kowa da aikinsa. Kowane taragon kaya akwai inda aka tura shi, kuma mai jan jirgi dole ya cire shi daga cikin jeri, ya tura shi ƙofar da ta dace, ya ɗauko wanda aka gama saukewa. A irin wannan zama ne ake gane ko an dasa masana'anta da hankali. Idan reshen yana fuskantar gaban jirgi, kan jirgin ba zai iya tura tarago ciki ya fito ba sai ya zagaya ta wani layi ya koma bayansa. Idan dogon gini ya tare hannun mutum, ba zai kai ga maƙalar tarago ya kwance ta ba. Saboda haka dogayen gine-gine bayan layi suke zama, na gaba kuma su zama gajeru.

Daga wannan aiki na shiga da fita ya fitar da wani wasa da ya kira Timesaver, wanda Model Railroader ta buga a fitowarta ta Nuwamba 1972. Allo ne tsirara, babu gini ko ɗaya, da makarkata biyar da gajerun rassa. Kan jirgi yana tafiya da gudu ɗaya a hankali, mai wasa gaba da baya kawai yake iya juyawa, ana ba shi taragu ya kai kowanne mazauninsa, ana duba agogo. Bayan rasuwarsa mutane da yawa suka ɗauki wannan tsari suka kewaye shi da masana'antu suka mai da shi unguwar aiki a shimfiɗarsu. A nan ina ganin an yi kuskure. An tsara rassan ne da gangan su yi gajarta don a wahalar da mai wasa. Kamfanin jirgi na gaske kuwa kuɗi yake kashewa don kada ma'aikatansa su sha irin wannan wahala. Wanda ya jingina sito mai ƙofa huɗu da reshen da bai ɗaukar fiye da tarago biyu ya karya ƙa'idar da Allen kansa ya bi a Port.

Bayan gobara

John Allen ya rasu ranar 6 ga Janairu 1973 sakamakon bugun zuciya, bai kai ga kammala babban layin ba. Kwana goma bayan haka abokansa suka taru a gidan suka tafiyar da jiragen, suna tattauna yadda za a adana aikin. Bayan sun watse wuta ta tashi daga na'urar ɗumama ɗaki, ta cinye shimfiɗar. Abin da aka tsira da shi kaɗan ne. Sa'ar da aka yi ita ce mai aikin mai hoto ne, ya bar hotuna masu yawa, kuma Linn Westcott, wanda ya daɗe yana editan Model Railroader, ya tattara su da bayanin aikin a littafin da ya fito a 1981. Yawancin waɗanda suka koyi wani abu daga Allen ba su taɓa shiga ɗakin ba.

Cikin waɗanda suka gaje shi babu kamar George Sellios na garin Peabody a jihar Massachusetts. Kamfaninsa, Fine Scale Miniatures, ya shahara da kayan haɗa gine-ginen aiki na katako da ƙananan sassa na ƙarfe da aka zuba, kuma daga 1985 ya fara shimfiɗarsa mai suna Franklin & South Manchester, birnin masana'antu na 1935, lokacin karayar tattalin arzikin Amurka. Shi kansa bai ɓoye cewa daga Allen ya ɗauko hanya ba. Ya kai ta matuƙa: allunan talla a kowane bango, ganguna da tarkace a kowane lungu, rufi ya lotsa, fenti ya ɓare. A hannun Sellios abin ya zauna, domin shekarar da ya zaɓa shekara ce da masu masana'antu ba su da kuɗin gyara. Masu kwaikwayonsa da yawa sun ɗauki lalacewar suka bar dalilinta, sai ka ga masana'antar da ake cewa tana cika taragu biyar kullum amma rufinta ya rufta, tagoginta duk a farfashe. Masana'antar da ke ciniki takan yi baƙi da hayaƙi, bakin ƙofarta ya cinye, amma mai ita yana toshe yoyo.

Yau kamfanoni irin su Walthers na Milwaukee, wanda ke wannan kasuwa tun 1932, suna sayar da kayan haɗa rumbun hatsi, da mahaƙar kwal, da masana'antar siminti, har da tanderun narka ƙarfe, duk na roba, an riga an rage musu tsawo yadda za su shiga ɗaki. Wanda ya saya zai tarar da irin ginin nan a shimfiɗar mutane ɗari. Shi ya sa gwanaye ba sa haɗa shi yadda takardar cikin kwali ta ce. Sukan ɗauki bangon baya, wanda ba mai ganinsa, su jona shi da na gaba, ginin ya ninka tsawo ya jingina da bangon ɗaki, sannan su sake jera ƙofofin lodi daidai da taragun zamanin da suka zaɓa, domin taragon ƙafa 50 na shekarun baya-bayan nan ba ya tsayawa daidai a ƙofar da aka yanka wa na ƙafa 40.